Tony Palmer, Daraktan da Ya Riga Mutuwa Isa Gidan Mawaƙa

A shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, gidan talabijin na BBC yana da wata al'ada da har yau masu binciken tarihi ke cizon yatsa a kanta. Zaren bidiyon da ake naɗar shirye-shirye a lokacin faɗinsa inci biyu ne, yana da tsada, yana cin wuri, kuma ana iya goge shi a sake naɗar wani abu a kai. Don haka da zarar an nuna shiri an gama, sau da yawa sai a mayar da zaren a ɗora masa sabon aiki. Sai a 1978 aka fito da tsari sosai na adana abin da aka nuna. Kafin nan an yi asara mai yawa, kuma shirye-shiryen kiɗan matasa na cikin waɗanda suka fi shan gogewa. Mafi yawan fitowar shirin Top of the Pops na shekarun 1960 ya tafi, har da ranar da mawaƙan Beatles suka bayyana a cikinsa da kansu a 1966.

Dalilin ba tsadar zare ba ce kaɗai. Manyan gidan sun ɗauki kiɗan rock a matsayin hayaniyar yara, abin da zai wuce kamar yayin tufafi. Kiɗan da suke girmamawa shi ne na Beethoven da Wagner, wanda ake zama a babban zaure a saurara cikin natsuwa. A wannan gida ne wani saurayi mai suna Tony Palmer ya fara aiki, kuma ya shafe sama da shekara hamsin yana jayayya da wannan rabe-rabe ta hanyar fina-finansa, waɗanda yawansu ya haura ɗari. Matsayinsa bai sauya ba tun farko: kiɗa shaida ne a kan zamanin da aka yi shi, kuma wanda ya yi shi ya cancanci a zauna da shi a ji ta bakinsa tun yana da rai, ko a gidan opera yake wasa ko a gidan rawa.

Daga Lowestoft zuwa BBC

An haifi Palmer a Landan a watan Agustan 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Ya yi wani ɓangare na karatunsa a Lowestoft, garin masunta a gabar gabashin Ingila, wanda shi ne mahaifar Benjamin Britten, babban mai tsara kiɗa na Ingila a ƙarni na 20. Daga baya ya shiga kwalejin Trinity Hall ta Jami'ar Cambridge, inda ya karanta tarihi da falsafa. Karatun tarihin nan ya bi shi har cikin sana'arsa.

A Cambridge ɗin ne, a ƙarshen 1963, Beatles suka zo yin wasa, shi kuma ya je taron manema labarai a madadin jaridar ɗalibai. Kamar yadda ya sha ba da labari, a nan ya haɗu da John Lennon, har ya zagaya da shi cikin jami'ar. Sanayyar ta yi masa rana bayan wasu shekaru.

Da ya shiga BBC ya koyi aiki a hannun Ken Russell, wanda a lokacin ya yi suna wajen fina-finan rayuwar masu fasaha, ya kuma taimaka masa a fim ɗinsa na 1966 kan mai rawa Isadora Duncan. Babban fim na farko da Palmer ya ba da umarni da kansa ya fito a 1967, kan Britten da bikin kiɗan da ya kafa a Aldeburgh. Wanda ya fara da irin wannan aiki, hanya a buɗe take gare shi ya zauna cikin manya har ya yi ritaya. Sai ga shi a shekara mai zuwa ya juya wajen masu dogon gashi da jita mai lantarki.

Shekarar 1968

All My Loving, wanda aka nuna a watan Nuwamban 1968, shi ne fim ɗin da ya fito da sunansa. Lennon ne ya ƙarfafa masa gwiwa, ya kuma buɗe masa ƙofofin da ma'aikacin BBC ba zai iya buɗewa da kansa ba. A cikinsa akwai Paul McCartney, Jimi Hendrix, Frank Zappa, ƙungiyoyin Cream da The Who da Pink Floyd. An bar su suna magana a kan abin da suke nufi da kiɗansu, ba tambayar irin abincin da suke so ko budurwar da suke nema ba, kamar yadda aka saba yi musu.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne hotunan da Palmer ya haɗa da kiɗan. Shekara ce ta jini. An kashe Martin Luther King a watan Afrilu, an kashe Robert Kennedy a Yuni, ɗalibai sun tayar da Faris a watan Mayu, tankokin Tarayyar Sobiyet sun shiga Prague a Agusta, yaƙin Biyetnam kuma yana kan ganiyarsa. Palmer ya ɗauko hotunan labarai na gaske, har da wanda shugaban 'yan sandan Biyetnam ta Kudu ya harbe wani fursuna a ka a titin Saigon a watan Fabrairun shekarar, ya jera su da ƙarar jita da ganguna. Yana so mai kallo ya gane cewa wannan kiɗan mai tsawa daga cikin wannan duniyar ya fito, kuma matasan da ke yin sa suna amsa abin da suke gani ne a labaran dare.

BBC ta yi ta jan ƙafa kafin ta nuna fim ɗin, da ta nuna kuma sai da dare ya raba. Masu fafutukar tsabtace talabijin, irin su Mary Whitehouse, sun yi tir da shi. Amma salon da Palmer ya kafa a nan, na ɗora kiɗa a kan hotunan tarihi har kowannensu ya fassara ɗaya, shi ya riƙe har tsufansa.

A wannan watan dai, ranar 26 ga Nuwamba, ya ɗauki wasan bankwana na Cream a zauren Royal Albert Hall. Masoya ƙungiyar sun daɗe suna ƙorafi a kan fim ɗin: kyamara na yawan kutsawa cikin fuskar mawaƙi a daidai lokacin da ake son ganin yatsunsa, ga mai sharhi da ke magana a kan kiɗa. Ƙorafin yana da tushe. Duk da haka, wanda ke son ganin Eric Clapton da Jack Bruce da Ginger Baker a daren ƙarshe na tafiyarsu ta farko, wajen Palmer zai koma.

A farkon 1971 ya yi aiki da Zappa a kan 200 Motels, wani fim mai wuyar fassara da aka ɗauka cikin kusan mako guda a situdiyon Pinewood, da ƙungiyar makaɗa ta Royal Philharmonic da Ringo Starr da Keith Moon. Muhimmancinsa na fasaha ne. An ɗauke shi da kyamarorin bidiyo, aka yi wasa da launi da ninka hoto nan take ta na'ura, sannan aka juye shi zuwa fim mai milimita 35 don nunawa a silima. Yana cikin fina-finan silima na farko da aka yi ta wannan hanya, shekaru da dama kafin kwamfuta ta mayar da irin wannan aiki abin da ake yi a waya. Shi da Zappa kuwa ba su rabu da daɗi ba.

Hanyar Sahara

A ƙarshen 1971 Ginger Baker, makaɗin gangunan Cream, ya ƙudiri niyyar kafa situdiyon naɗar waƙa a Legas. Ya san Fela tun farkon shekarun 1960, lokacin da Fela ke karatun kiɗa a Landan, kuma a 1971 ɗin sun naɗi faifai tare. Maimakon ya hau jirgi, sai Baker ya zaɓi ya tuƙa Range Rover, motar da ba ta daɗe da fitowa kasuwa ba, ya ratsa Aljeriya da hamada, ya bi ta Nijar ya gangaro Najeriya. Tsohuwar hanyar ayari ce da fatake suka sani tun kafin a ƙera mota. Fim ɗin da Palmer ya fitar daga wannan tafiya shi ne Ginger Baker in Africa, wanda bai kai awa ɗaya ba.

Fim ne mai rauni ta fuskoki da dama. Baker ne ke ba da labari da bakinsa, kuma ƙasashen da aka ratsa sun zama kamar labule a bayan Bature mai neman kasada. Mutanen hanya ana ganin su, ba a jin ta bakinsu. Amma a cikinsa akwai 'yan mintoci na Fela da ƙungiyarsa suna wasa a Kalaba, ƙasa da shekara biyu bayan ƙare yaƙin basasa, Fela yana matashi, kafin Kalakuta ta zama abin da ta zama. Darajar waɗannan mintoci ta ƙaru a watan Fabrairun 1977, lokacin da sojoji suka ƙona gidan Fela a Legas, wutar ta cinye kayan kiɗa da naɗe-naɗe, har da sautin fim ɗin da yake shiryawa kan rayuwarsa. Hotuna masu motsi na Fela a farkon shekarun 1970 kaɗan ne suka rage, kuma na Kalaba na cikinsu. Situdiyon Baker ya buɗe a Ikeja a 1973, bai yi tsawon rai ba. Fim ɗin ya fi shi daɗewa.

Kashi goma sha bakwai

Babban aikin Palmer a fagen kiɗan jama'a shi ne All You Need Is Love, jerin shirye-shirye kashi 17 da aka nuna a tashar ITV a 1977. Nufinsa ya ba da tarihin kiɗan jama'a na Amurka da Birtaniya tun daga tushe: ragtime, jazz, blues, waƙoƙin dandalin wasa, kiɗan karkara na Amurka, waƙoƙin yaƙi da na zanga-zanga, har zuwa rock. Kusan kowane kashi an ba wani masani ya tsara shi. Stephen Sondheim ya ɗauki na wasannin waƙa, Leonard Feather na jazz, Derek Taylor na Beatles, Paul Oliver kuma na blues.

Sunan Oliver yana da muhimmanci ga mai karatu a wannan yanki namu. A littafinsa na 1970, Savannah Syncopators, ya ƙalubalanci ra'ayin da ya yaɗu cewa kiɗan baƙar fatar Amurka daga gangunan gabar teku kawai ya samo asali. Ya nuna cewa a Amurka ta Arewa masu bayi sun sha hana kaɗa ganga don tsoron tawaye, alhali mai kayan tsirkiya ana barin sa, har a ba shi goge irin na Turawa ya yi wa ubangida wasa. Don haka, a ganinsa, wanda ke neman kakannin blues ya duba yankin da ya miƙe daga Senegal ya bi ta Mali zuwa arewacin Gana da arewacin Najeriya, ƙasar molo da garaya da goge da kukuma, inda mawaƙi ɗaya ke jan murya a kan tsirkiya. Masana suna ta muhawara a kan iyakar wannan ra'ayi, amma ya sauya inda ake dubawa.

Abin da ya fi ba jerin daraja a yau shi ne lokacin da aka yi shi. Palmer ya bi tsofaffi gida-gida a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da waɗanda suka ga farkon al'amarin ke gab da ƙarewa. Ya zauna da Eubie Blake, makaɗin piyano da ya fara ragtime tun kafin yaƙin duniya na farko. Ya ɗauki Bing Crosby, wanda ya rasu a watan Oktoban shekarar da aka nuna shirin. Richard Rodgers ya bi shi a 1979, Muddy Waters da Blake kuma a 1983. Da an jinkirta aikin da shekara goma, da yawancin waɗannan kujeru babu kowa a kansu.

Jerin yana da nasa aibin. Palmer mutum ne mai ra'ayi, kuma ba ya ɓoye shi. Labarin da yake maimaitawa shi ne na kiɗan da ke fitowa daga talakawa, galibi baƙar fata, sai 'yan kasuwa su ƙwace su tsarma shi da ruwa su sayar. Akwai gaskiya a ciki, amma ya sa ya raina wasu nau'o'in da jama'a ke ƙauna da zuciya ɗaya. Sannan da ya zo hasashen gobe a kashi na ƙarshe, ya nuna irin su Mike Oldfield da Tangerine Dream, a daidai lokacin da kiɗan punk ke fashewa a Landan ɗin da yake zaune, disko kuma ya cika gidajen rawa. Masanin jiya bai ga abin da ke bakin ƙofarsa ba.

Komawa wajen manya

Daga ƙarshen shekarun 1970 Palmer ya mayar da ƙarfinsa kan masu tsara kiɗan gargajiyar Turai, sai dai ya tafi musu da idon da ya kalli 'yan rock da shi. Wani fim ɗinsa kan Britten, A Time There Was, ya ci kyautar Prix Italia a 1980, na William Walton kuma ya ci ta a 1981. Ya yi na Stravinsky a 1982, na mawaƙiyar opera Maria Callas a 1987. Ba fina-finan yabo ba ne. Yana tambayar 'yan uwa da tsofaffin abokai, yana barin kyamara a kan fuska bayan an gama amsa, har abin da ake ɓoyewa ya fito. Fim ɗinsa kan makaɗin goge Yehudi Menuhin ya tono ciwon da ke cikin gidan, abin da bai yi wa mai gidan daɗi ba.

A 1983, shekara ɗari da rasuwar Richard Wagner, ya fitar da wasan kwaikwayo na kusan awa takwas kan rayuwarsa. Richard Burton ne ya fito a Wagner, Vanessa Redgrave a matarsa Cosima, Vittorio Storaro ya ɗauki hoto, Georg Solti ya jagoranci kiɗa. Ya kuma haɗa manyan 'yan wasan Ingila uku, Laurence Olivier da John Gielgud da Ralph Richardson, a fage ɗaya a matsayin fadawan Sarki Ludwig na Bavaria. Nan ma ya riga mutuwa da ƙyar: Richardson ya rasu a 1983, Burton a 1984.

Testimony, na ƙarshen shekarun 1980, shi ne inda ra'ayinsa ya fi fitowa fili. Ben Kingsley ya fito a Dmitri Shostakovich, mai tsara kiɗan Rasha da jaridar Pravda ta yi wa kaca-kaca a 1936 bayan Stalin ya kalli operarsa bai ji daɗi ba, aka kuma sake tsine wa aikinsa a 1948. Mafi yawan fim ɗin baƙi da fari ne, kuma an ɗauke shi a arewacin Ingila, ba a Rasha ba. Tambayar da ke cikinsa tsohuwa ce: mai fasahar da ke cin abincin mai mulki, yana kuma tsoron takobinsa, me yake faɗa a cikin kiɗansa wanda bakinsa ba zai iya faɗa ba? Matsalar ita ce littafin Solomon Volkov na 1979 da aka gina fim ɗin a kai, wanda aka ce tarihin Shostakovich ne daga bakinsa, masana da dama suna shakkar sahihancinsa. Palmer ya zaɓi ɓangare, kamar yadda ya saba.

Ko a 2007, da ya yi fim kan Ralph Vaughan Williams, wanda Ingilawa ke ɗauka mai kiɗan korayen filayen karkara, sai ya tuna musu cewa mutumin ya yi aikin ɗaukar masu rauni a yaƙin duniya na farko, ya kuma ɗora kiɗansa a kan hotunan yaƙi da yunwa. Wasu sun ce ya wuce gona da iri. Abin da aka faɗa a 1968 ke nan.

Gwangwani 294

Shi kansa Palmer bai tsira daga ɓatan aiki ba. A 1972 ya bi mawaƙin Kanada Leonard Cohen a rangadin birane 20, daga Dublin zuwa Birnin Ƙudus. Ya ɗauki komai: na'urorin sauti da ke lalacewa, 'yan kallo da ke neman a mayar musu da kuɗinsu, rikici da masu gadi a Tel Aviv, da daren ƙarshe da Cohen ya sauka daga dandamali a tsakiyar wasa ya ce ba zai iya ba, ya je ya yi aski a bayan fage, ya dawo ya ƙarasa cikin hawaye. Cohen bai gamsu da yadda Palmer ya haɗa fim ɗin ba, ya sa aka sake haɗa shi. Wancan ya fito a 1974, aka nuna shi kaɗan, ya ɓace.

Sai a 2009 aka gano gwangwanaye 294 na fim ɗin a wani ɗakin ajiya a Hollywood, wasu sun yi tsatsa. Ainihin fim ɗin da ya haɗa babu shi. Abin da ke ciki guntaye ne da ragowar yanka, amma akwai zaren sautin asali. Da wannan sauti ya yi jagora, yana saurare yana neman hoton da ya dace da kowane wuri, har ya sake gina Bird on a Wire daga dubban guntaye. Ya fito a 2010, Cohen yana da rai, shekara shida kafin rasuwarsa.

Za a iya kama Palmer da laifin son kai ra'ayinsa gaba, da yawan tsoma baki tsakanin mai kallo da kiɗa, da kallon Afirka ta gilashin motar Baker. Masu sukarsa sun faɗi wannan duka, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ra'ayin darakta abu ne da na baya za su iya gyarawa. Za su iya cire sharhinsa su sa nasu, su sake fassara abin da suka gani. Abin da ba za su iya ba shi ne komawa 1971 su kunna kyamara a Kalaba, ko su ƙwanƙwasa ƙofar Eubie Blake su tarar da shi a gaban piyano. A lokacin da gidan da ya koya masa aiki ke goge zare don a samu na naɗar shirin gobe, shi yana yawo da kyamara yana tara abin da ba a ga amfaninsa ba tukuna. All You Need Is Love ya yi shekara talatin ba a iya samun sa a kasuwa, sai a 2008 ya fito a faifan DVD. Yawancin waɗanda suka yi magana a cikinsa sun riga mu gidan gaskiya kafin nan, amma ga su zaune, suna ba da labarinsu da bakinsu.